Kafin Ƙiftawar Ido

A Anakao, inda yashi ke ƙona tafin ƙafa,
kakana Tsimanova ya ɗora ni a kwale-kwale
ina ɗan shekara tara.
Ya miƙo min mashi, da tabarau na katako
wanda ya liƙe gilashinsa da ƙaro.
Ya ce, "Sauka, Lefo. Yau ruwa ne malaminka."

Na nutse.
Ga wani koren kifi yana gatsar murjani,
hankali kwance, kamar akuya a gindin shinge.
Na auna. Na riƙe numfashi. Na saki.
Mashina ya soki gurbin da ya bari,
ruwa zalla,
sai 'yar ƙurar yashi tana sauka a hankali
kamar mai yi mini gwalo.

Sau goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Kaka bai tanka ba sai da muka ci rogo.
Sannan ya zaro ɗaya cikin kamunsa,
ya bi gefensa da farce:
"Ka ga wannan zaren, daga kunne har wutsiya?
Da shi yake jin motsin ruwa.
Kafin hannunka ya gama niyya
ruwa ya riga ya kai tsegumi.
Sai ya lanƙwashe kamar jinjirin wata,
ya miƙe, ka neme shi ka rasa.
Kai kana shawara da zuciyarka.
Shi ba ya shawara.
Jikinsa ke gudu, labari ya iske shi a hanya."

Na ce, "Shak fa? Ai shi ba ya gudun kowa."
Dariya ta shaƙe shi har da tari.

Da teku ta janye, ya ja ni
cikin itatuwan da ke tsaye a ruwan gishiri,
inda zurfi bai wuce gwiwa ba.
Ga 'ya'yan shak, tsawon hannuna,
da baƙin ɗigo a tsinin bayansu,
suna yawo ba ruwansu.
Sai wata inuwa ta taso daga bakin zurfi,
jininsu ce, amma yunwa ba ta san dangi ba.
Ban ga gudunsu ba.
Na ga suna nan, na ga ba sa nan,
tsakanin biyun ko allura ba za ta shiga ba.
Kaka ya ce, "Gaba da gabanta.
Kowane haƙori yana da wanda yake tsoro."

Yau shekara talatin ke nan.
Na iya zama dutse a ƙarƙashin ruwa,
na iya sukan inda kifi zai je, ba inda yake ba.
Duk da haka kwandona yakan dawo wayam.
Can bayan murjani, cikin dare,
fitilun manyan jirage na jan taru mai faɗin gari.
Taru ba ya zabura, ba ya wage baki.
Tafe yake sannu, kamar tsufa.
Kifi ya lanƙwashe hagu, raga.
Ya lanƙwashe dama, raga.
Saurin da ya gagari haƙora tun fil azal
bai san yadda zai yi da sannu-sannu ba.

Haka aka kama Kaka ma.
Mutumin da ya kauce wa shak sau uku,
tarin nan ya bi shi damina huɗu
har ya cim masa a kan tabarma.

Jiya na saukar da 'yata Voahangy
da tabaran nan, ƙaron ya fara tsagewa.
Ta taso tana furzar da ruwa, ido jajir:
"Baba, ya tsere! Kiris ya rage!"
Na ce, "Sake gwadawa."
Ban faɗa mata ba
cewa lokacin da mashin ya bar hannunta,
wani abu a gefen haƙarƙarina
ya lanƙwashe tare da kifin.